Malam Sa'adu Zungur da Yaƙin da Bai Gani da Idonsa Ba

Gabatarwa

Sanin kowa ne, musamman mu ɗaliban Hausa, cewa ba a yin darasin rubutacciyar waƙa ta ƙarni na ashirin a tashi ba a ambaci Malam Sa'adu Zungur ba. Da yawanmu mun haddace sunayen waƙoƙinsa saboda jarrabawa, muka zuba wa malami jigo da salo da amsa-amo, muka karɓi makinmu, shi ke nan. Ni ma haka na yi a aji biyu. Sai da na koma kan Maraba da Soja don raɗin kaina, sannan wata tambaya ta tsaya mini a rai. Mutumin nan fa bai taɓa sa kakin soja ba, bai bi jirgin mayaƙa zuwa Indiya ba, bai kuma taka dajin Bama ba. To ta wace hanya yaƙin ya iso masa, har ya yi masa waƙar da ake karantawa shekara kusan tamanin bayan an ajiye makamai?

Tambayar tana da dalili a wajena. A Shehuri na tashi, kusa da fadar Shehun Borno, kuma Hausa ba a nono na sha ta ba, Kanuri muke yi a gida, a kasuwa da makaranta da bakin rediyo na tsince ta. A shekarar 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci saboda rikicin Boko Haram, aka kuma katse layukan waya a jihar Borno na tsawon watanni, ina firamare. Na sha ganin manya sun kewaye rediyo da asuba suna jiran wani mutum daga nesa ya faɗa musu da Hausa abin da ya faru jiya a unguwar da ba ta fi tafiyar ƙafa daga ƙofar gidanmu ba. Mun ji ƙarar da kunnenmu, amma bayaninta sai ya zagaya duniya kafin ya dawo mana. Tun daga lokacin nake son sanin wane ne ke ba mutane labarin yaƙi, da kuma abin da su mutanen ke yi da labarin in ya zo hannunsu. Wannan ne ya sa zan bi rayuwar Malam Sa'adu ta wannan fuska, ba ta fuskar da aka saba ba.

Haihuwarsa da karatunsa

Cikakken sunansa Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur. An haife shi a garin Bauci a shekarar 1914, ko da yake wasu littattafai 1915 suke rubutawa. Gidansu gidan malanta ne da limanci, saboda haka tun yana ƙarami ya sha karatun allo, ya zarce zuwa littattafan fiƙihu da nahawu da lugga. Wannan tushe na Larabci shi ne ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, domin ko a cikin zazzafar muhawarar siyasa da aya da hadisi da tarihin masu jihadi yake kafa hujja, abin da ya sa ba a iya kore shi da cewa ɗan boko ne da bai san addini ba.

An sa shi makarantar boko a Bauci, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, wadda a wancan zamani ita ce ƙololuwar karatun ɗan Arewa. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shige ta. Bai daɗe ba ya baro ta, amma zaman Legas ya bar masa wani abu da ya fi takardar shaida, wato sabo da jarida. A can ya ga baƙaƙen fata suna buga ra'ayinsu a takarda suna sukar Gwamna, gari kuma ya waye ba abin da ya faɗo daga sama. Da ya dawo Arewa sai ya shiga fannin kiwon lafiya da tsaftar gari, ya fara a Kano, daga baya aka mai da shi Zariya yana koyar da ma'aikatan wannan fanni. A Zariya yaƙin ya same shi.

Yadda yaƙin ya iso Arewa

A watan Janairu na 1939, wata takwas kafin Jamus ta auka wa Folan, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, Malam Abubakar Imam kuma yana edita. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa wa Hitila Nijeriya. Ke nan tun ranar haihuwarta jaridar tana da aikin yaƙi a wuyanta. Da yaƙin ya ɓarke ita ce ta koya wa mai karatun Hausa sunayen garuruwan da kakanninsa ba su taɓa ji ba, ta nuna masa wane ne abokin gaba, ta kuma kira shi ya ba da gudunmawa, ko ta kuɗi ko ta gyaɗa ko ta ɗansa. Ba mai karatu kaɗai take isa ba, domin kwafi ɗaya yakan zagaya zaure da kasuwa, mai boko ɗaya ya karanta wa mutum goma.

Rediyo kuwa a lokacin ba irin namu ba ne. Waya ake ja daga tasha zuwa akwatin magana, a kafa shi a gidan mai hali ko a dandali, kuma ba ka da ikon murɗawa ka nemi wata tasha, abin da aka zuba maka shi za ka sha. Irin wannan ya fara a Legas a 1935, bai iso Kano ba sai 1944.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne majigi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa wata hukuma ta shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kanta. Shi wannan Sellers ma'aikacin tsafta ne a Nijeriya, wanda ya fara amfani da fim don koya wa mutane yaƙi da ɓera da annoba a Legas. Wato dai abokin sana'ar Malam Sa'adu ne, sai dai kowa da inda ya fuskanta. Motar majigi takan shigo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, in duhu ya yi a tayar da inji. Yawancin finafinan ba sa magana, tafinta ne ke tsaye da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da idonsu ke gani. A nan ake nuna faretin soja da jiragen ruwa da tankoki da Sarkin Ingila yana duba mayaƙa, a haɗa da fim ɗin yadda Bature ke zaune a gidansa cikin tsari. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to amma a gaban majigi ji ne ke jan ragamar gani, domin hoton wani ya zaɓo shi, fassararsa ma wani ya rubuta. Ba a nuna gawar sojanmu, ba a nuna inda aka ci mu. Duk wanda ya karanta littafin Brian Larkin na 2008 a kan rediyo da silima a Kano zai ga yadda wannan tsari ya yi aiki dalla-dalla.

Mu a Maiduguri yaƙin ya zo mana ta sama ma. Tun daga ƙarshen 1940, zamanin Shehu Sanda Kyarimi, ake haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su taso su bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su wuce Cadi da Sudan har Alƙahira. Kakata ta wajen uba takan ba mu labarin yadda suna yara suke barin wasa su tsaya kallonsu. A Janairun 1942 ma wani jirgin Jamus ya jefa bom a Fort Lami, wato Injamena ta yanzu, nan maƙwabtanmu. Duk da haka ba wanda ya san inda jiragen suke zuwa ko abin da suke yi in sun isa, sai abin da jarida ta faɗa.

Akwai kuma ɓangaren yaƙin da ba a sa shi a majigi ba, alhali shi ne talaka ya gani da idonsa. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubban manoma, har da na lardin Bauci, zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos saboda buƙatar yaƙi, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Kaya sun yi tsada, gishiri da kananzir da yadi sun yi wuya. Wannan duk a ƙofar gidan Malam Sa'adu ya faru.

Zariya da Bauci

A Zariya ya tara 'yan boko matasa suka kafa ƙungiyar tattaunawa, wadda ta fara da sunan adabi da zumunci, ta rikiɗe ta zama ta neman ci gaban lardunan Arewa a 1941. Hukuma ba ta sake da ita ba. Ana cikin haka ciwon huhu ya kama shi, ciwon da bai rabu da shi ba har kabari, ya bar aiki ya koma Bauci.

Komawar tasa ta zo daidai da zuwan wani matashin malami makarantar Midil ta Bauci, wato Malam Aminu Kano, ga kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a makarantar. A 1943 aka buɗe zauren muhawara na Bauci, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da Turawan mulki kan zauna a tattauna al'amura. Turawa sun ɗauka wuri ne na rage zafi, sai ga shi ana tambayar amfanin mulkin da ake yi ta hannun sarakuna, har ana tambayar yadda ake yanka wa Sarki albashi. Ba a jima ba aka rufe zauren. Su Malam Sa'adu suka kafa tasu ƙungiyar, Bauchi General Improvement Union, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

A nan ya kamata mai karatu ya san wata takarda da ta zagaya duniya a lokacin. A watan Agusta na 1941 Cocil na Ingila da Shugaba Rusbelt na Amurka suka fitar da sanarwar da aka sani da Yarjejeniyar Atilantika, inda suka amince cewa kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. Kafin wannan, a Janairun shekarar, Rusbelt ya lissafa 'yanci iri huɗu da ake yaƙi dominsu, cikinsu har da kuɓuta daga fatara da kuɓuta daga tsoro. Wata guda bayan sanarwar Cocil ya tashi a majalisa ya bayyana cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi, ban da waɗanda Ingila ke mulka. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. A 1943, da aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Dokta Nnamdi Azikiwe ya miƙa takardar neman mulkin kai da ya gina a kan wannan yarjejeniya, Malam Abubakar Imam kuwa, wanda yake cikin tawagar, bai sa hannu ba. Duk wannan yana cikin jaridun da Malam Sa'adu ke karantawa, na Hausa da na Turanci, daga kan gadon jinya.

Maraba da Soja

Sojojin da ya yi wa maraba ba ƙaramin aiki suka yi ba. Tun a farkon 1941 mayaƙan Nijeriya suna cikin waɗanda suka karɓe Mogadishu daga hannun Italiya, suka kutsa har Harar a ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ta 82 ta biyo baya, aka kwashe su zuwa Indiya, daga can zuwa Bama don yaƙar Japan. Sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, inda mota ba ta shiga, abinci da harsashi sai dai a jefo musu daga jirgi, sauran kuma a ɗauka a ka. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Hausa ce harshen bariki, da ita Bature ke ba da umarni, da ita Babarbare da Batibi da Bazabarme ke magana da juna, abin da ni mai koyon Hausa nake jin daɗin tunawa. Har yau sunaye daga wannan yaƙi suna kan barikokinmu: Myohaung da Arakan a Legas, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Mutane da yawa suna wucewa ta gabansu kullum ba su san daga ina sunan ya fito ba.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka fara dawo da su gida, Malam Sa'adu ya yi musu waƙa. In ka dubi sunanta da farkonta za ka ce irin waƙar da hukuma ke so ce: ga yabon jarumtaka, ga murnar nasara, ga barka da sauka. Duk kayan da ya yi gini da su, wato sunayen ƙasashe da labarin fagen fama da kalmar 'yanci kanta, daga jarida da rediyo ya samo su, kuma waɗanda suka aiko su sun aiko ne don a yi musu tafi. Shi kuwa sai ya karɓi kalmar da hannu biyu, ya ƙi sakinta. Tunda an ce don 'yanci aka tafi, kuma ga shi an ce an yi nasara, to sai a zo a duba gida a gani ko ya iso. Daga nan waƙar ta juya daga Bama ta fuskanci Arewa, ta shiga auna wannan 'yanci da halin da talaka ke ciki na fatara da danniya da rashin gaskiyar masu riƙe da al'amura, tana nuna cewa sunan abu ba shi ne abun ba.

A ganina nan ne gwanintarsa take. Bai ce jarida ƙarya take yi ba, bai ce kada a yi murna ba, kuma bai zagi Sarkin Ingila ba. Da ya yi haka da an sami hanyar kama shi, da kuma jama'ar da 'ya'yansu suka dawo da rai ba su saurare shi ba. Abin da ya yi shi ne ya riƙe masu mulki da maganar bakinsu. Tafintan majigi yana tsaye gefen ƙyalle yana faɗin abin da aka rubuta masa, shi kuwa Malam Sa'adu ya zama wani tafinta na biyu wanda ba wanda ya ɗauke shi aiki, yana fassara hoto ɗaya da ma'ana dabam. Kuma ya zaɓi waƙa, ba maƙala ba, saboda ya san maƙala tana tsayawa inda masu boko suka tsaya, waƙa kuwa ana rera ta, almajiri ya haddace, makaho ya ɗauka ya kai kasuwa. Bugu da ƙari ya zuba ta a ƙirar da kunnen Bahaushe ya saba da ita tun waƙoƙin wa'azi na masu jihadi, ta yadda sabon zance ya shigo cikin tsohuwar riga.

Sai dai kada son da muke yi masa ya hana mu faɗin inda waƙar ta tsaya. Waƙar mai kallo daga nesa ce. Wanda ke neman ya ji yadda damina ke ruɓar da ƙafar soja a cikin takalmi, ko yadda zazzaɓi da atuni ke kayar da mutum kafin harsashi ya same shi, ko abin da ɗan dako ke ji yana hawan dutse da akwatin harsashi a ka, ba a nan zai same shi ba. Sojan da ke cikinta jarumi ne mai dawowa da tuta, kuma ko a hannun Malam Sa'adu hujja ce ta wata magana da ta fi shi girma. Su sojojin da kansu ba su bar mana rubutu mai yawa ba. Sai da aka yi shekara sittin kafin Biyi Bandele, haifaffen Kafancan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya fitar da littafinsa Burma Boy a 2007, da Turanci, ya sa yaro Bahaushe a tsakiyar labarin. Na faɗi haka ne domin na san yadda abin yake in an mai da garinku misali a bakin wanda bai kwana a cikinsa ba, ko da kuwa mai ƙaunarku ne.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne da na gano cewa ba mu kaɗai ke da irin wannan waƙa ba. Ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila wadda ita ma ta sha mulkinta, ba ta shiga yaƙin ba, har ma gwamnatinta ta riƙa tace labaran yaƙi a jarida da gidajen silima. Suna da harshensu na asali, Gelik, wanda Turanci ya danne har masu yinsa kullum suka zama 'yan kaɗan. Wani marubucinsu, Eoghan Ó Tuairisc, ya yi aikin soja a shekarun yaƙin ba tare da ya je fagen fama ba, kuma labarin bom ɗin da aka jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 a labarai ya same shi kamar kowa. A 1964 ya fitar da doguwar waƙa da Gelik a kan mutanen da suka mutu a can, ya gina ta a kan tsarin addu'ar da cocin Katolika ke yi wa mamata. Shi ma, kamar Malam Sa'adu, ya ɗauki labarin da ya zo da harshen masu ƙarfi, ya zuba shi a harshen gida da ƙirar addinin gida. Bambancinsu shi ne na Ailan makoki ya yi, yana jin har da shi a cikin masu laifi, na Bauci kuwa bashi ya biyo.

Legas, da komawa gida

Bayan yaƙi siyasa ta buɗe. Malam Sa'adu ya riƙa aika rubutu jaridar West African Pilot ta Azikiwe, wato ya tashi daga mai karanta labari ya koma mai bayar da shi. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC na ƙasa, ya koma Legas da zama, a lokacin da 'yan Arewa ƙalilan ne ke yarda su haɗa tafiya da 'yan Kudu. Zaman bai yi daɗi har ƙarshe ba. Ya ga yadda wasu jaridun Kudu ke kallon Arewa da sarakunanta da addininta, ga kuma jiki yana ƙara rauni, sai ya tattara ya dawo.

Daga wannan ɗanɗano ne Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta fito, wadda ita ce aka fi saninsa da ita. Ba zan tsaya a kanta ba tunda kowa ya yi ta a aji, sai dai in nuna cewa dabarar nan ta Maraba da Soja tana cikinta. A 1947 Indiya ta sami mulkin kai aka raba ta da Pakistan, manyan sarakunanta masu ɗaruruwan masarautu kuma suka rasa ikonsu cikin ɗan lokaci. Malam Sa'adu bai ga wannan da idonsa ba, a jarida ya karanta, amma ya ɗauko shi ya ajiye a gaban sarakunan Arewa ya zama madubi, yana gargaɗinsu su gyara tun kafin guguwar ta iso. Wasu abokan tafiyarsa sun ga kamar ya sassauta wa sarauta, har Malam Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da waƙar Arewa Jumhuriya Kawai. Ni dai ina ganin mutumin da ya yi Waƙar Bidi'a, ya kuma ƙare rayuwarsa a cikin NEPU, ba za a ce tsoron fada ne ya kama shi ba. Ya dai ga abin da ya gani a Legas ne.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma duk da ciwo bai bar shi ya yi yawon kamfe kamar sauran ba, yana cikin masu ba ta tunani da kalmomi, ɗakinsa a Bauci kuma ya zama wurin da matasa ke zuwa ɗaukar karatu da shawara. Malam Aminu Kano bai taɓa ɓoye cewa Malam Sa'adu malaminsa ne a siyasa ba, shi ne ma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Hausa, aka buga a 1973. A shekarar da ta biyo Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da nasa littafin mai ɗauke da waƙoƙin da fassararsu da sharhi, wanda har yau shi ne madogarar ɗalibi. Waƙoƙin da suka rage mana nasa ba su da yawa in an gwada da na irin su Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ya yi shekaru masu yawa a nan Maiduguri, abin da ya rage ɗin ne dai yake da nauyi.

Rasuwarsa

A watan Maris na 1957 aka buɗe sashen Hausa na BBC, wato kafar da ta zama idon Arewa a kan kowane yaƙi da ya biyo baya, tun daga yaƙin basasa har zuwa wanda aka yi a unguwanninmu. Malam Sa'adu bai cika shekara guda da ita ba. Ciwon huhun da ya ɗauko tun Zariya ya ci ƙarfinsa, Allah ya karɓi abinsa a Bauci a watan Janairu na 1958, yana da shekara arba'in da 'yan kai, saura shekara biyu da wata takwas a sauke tutar Ingila. Daga baya an sa wa jami'ar jihar Bauci da ke Gaɗau sunansa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, amin.